Ingilishin Ofis da Ingilishin Littafi: Me Ɗaliban Harobanda ke Nema Wurin Shekisfiya?

Tun watan Maris na shekara ta 2025 Ingilishi ya shiga cikin harsunan aiki na ƙasar Nijar. Ɗan kasuwa yana son shi saboda ciniki, ma'aikaci yana son shi saboda takardu. Amma ɗalibin da aka tura jami'ar Yamai domin ya koyo shi, ga shi can ya duƙufa kan littattafan da aka rubuta shekaru ɗari huɗu da suka wuce. Shin ɓata lokaci ne, ko kuwa da tsohuwar zuma ake magani?

Duk wanda ya tsaya bakin gadar Kenedi da sanyin safiya zai ga yadda garin Yamai ke kwarara zuwa ƙetaren kogi: taksi, babura, amalanke, masu tallar kayan lambu, da ɗalibai ɗauke da jakunkuna. Waɗannan ɗalibai sun nufi Harobanda, wato bayan ruwa da Zabarmanci, inda jami'ar Abdu Mumuni take. Cikinsu akwai ƴan sashen Ingilishi na tsangayar adabi da kimiyyar ɗan Adam. In aka buɗe jakar ɗayansu, ba abin mamaki ba ne a tarar da fotokwafin wani wasan kwaikwayo da aka fara nunawa a Landan tun kafin a haifi Shehu Usumanu ɗan Fodiyo da shekaru ɗari da hamsin.

Nan ne gardama kan tashi a gida. Alhaji yana da rumfa a Babbar Kasuwa, kayansa suna zuwa daga Kano, daga Legas, daga Dubai har da ƙasar Sin. Abin da ya sa rai shi ne yaron nan ya riƙa karanta mashi takardun kaya, ya yi magana da dillalai ta tarho, ya hana a cuce shi. Sai ya iske shi yana haddar sunayen mawaƙan da ƙasa ta daɗe da rufe idonsu. Tambayar Alhaji gajeruwa ce: me wannan zai ƙara ma rumfa? Tambaya ce mai nauyi, ta cancanci amsa.

Yadda Ingilishi ya iso bakin kogi

Nijar ta gaji Faransanci daga mulkin mallaka, kuma a nan Yamai ne, ranar 20 ga watan Maris na 1970, a zamanin shugaba Diori Hamani, aka kafa ƙungiyar da ta zama tushen tarayyar ƙasashe masu amfani da Faransanci. Duk da haka ƙasar ba ta taɓa iya juya ma Ingilishi baya ba, domin iyakarta da Najeriya ta kai wajen kilomita 1,500, kuma mutanen Maraɗi da na Katsina, ko na Ƙonni da na Sakkwato, dangin juna ne tun kafin a ja layin iyaka. Shi ya sa ake koyar da Ingilishi tun daga kwaleji har lise. A shekara ta 1962 matasan Amurka ƴan aikin sa kai na ƙungiyar Peace Corps suka iso, kuma rukuninsu na farko malaman Ingilishi ne. Sun ci gaba da zuwa har watan Janairu na 2011, lokacin da aka janye su saboda matsalar tsaro. Tsofaffin ma'aikata da yawa daga bakinsu suka fara jin harshen.

Ita kuwa jami'ar, ta soma ne a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama jami'ar Yamai a 1973, sannan a 1992 aka raɗa mata sunan masanin hasken rana Abdu Mumuni Dioffo, shekara ɗaya bayan rasuwarsa. Waɗanda suka yi karatu cikinta a shekarun 1990 ba su manta da wahalar littafi ba. Da aka karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, kuɗin littafin da ke zuwa daga Turai ya ninka, sai kwafi ɗaya ya riƙa zagaya aji har bangonsa ya saɓule.

A watan Maris na 2025 Nijar ta bayyana ficewarta daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma cikin wannan watan kundin sake gina ƙasa ya tsai da Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuwa harsunan aiki. Daga ranar nan tambayar Alhaji ta tashi daga zancen cikin gida ta zama zancen ƙasa: wane irin Ingilishi ake bukata, kuma wa zai koyar da shi?

Ɗan duwan, ɗan kasuwa da akawu

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, manyan marubutan Ingila galibi mutanen kasuwa ne da na ofis, kuma abin da suka gani wurin aiki shi suka zuba cikin takarda. Malamai sun raba adabin nasu zamani zamani, kowane da salonsa da damuwarsa, kamar yadda wanda ya yi lise ya san an raba na Faransa tsakanin zamanin Molière, na Victor Hugo da na Zola.

Wanda ake kira uban waƙar Ingilishi, Geoffrey Chaucer, da ya rasu a shekara ta 1400, ma'aikacin duwan ne. Shekara goma sha biyu ya yi yana lura da harajin ulu da fatu a tashar jiragen ruwa ta Landan. Babban littafinsa labari ne na matafiya kusan talatin da suka haɗu a masauki za su ziyarar ibada garin Kantabiri, suka yi yarjejeniya kowa ya ba da labari domin hanya ta yi sauƙi. Akwai jarumi, akwai ɗan kasuwa, akwai mai niƙa, akwai malamin da ke sayar da gafara da kuɗi, akwai matar da ta yi aure biyar. Duk wanda ya taɓa kwana a zango tare da ayarin fatake, ko ya ji labarin mahajjatan da suka bi ta Sudan da ƙafa, ya san irin wannan hira.

Bayan shi da kusan shekara ɗari biyu sai zamanin farfaɗowa, lokacin sarauniya Alisabatu ta ɗaya, lokacin da Ingila ta fara tura jiragenta cikin teku neman kasuwa. Tauraron wannan zamani shi ne Wiliyam Shekisfiya, wanda aka haifa a 1564, ya rasu a 1616. Ɗan mai ɗinkin safar hannu ne, bai shiga jami'a ba, kuma yana da hannun jari cikin gidan wasan da ake nuna ayyukansa. Wasanninsa sun fi talatin da biyar.

Akwai ɗaya cikinsu da ya kamata a karanta ma Alhaji. Wani attajiri ne na birnin Benis, dukiyarsa duk tana bisa teku cikin jirage. Abokinsa ya zo neman kuɗin aure, shi kuwa hannunsa babu tsaba, sai ya tsaya mashi wurin wani mai ba da rance, aka karɓi zinariya dubu uku zuwa wata uku. Sharaɗin da aka rubuta shi ne, in wa'adi ya cika bai biya ba, mai bashi zai yanki tsokar jikinsa kimanin rabin kilo. Labari ya zo cewa jirage sun nutse, wa'adi ya cika, aka tafi gaban shari'a. Abin da ya ceci attajirin shi ne karatun takarda da idon basira: wata mace da ta yi shigar lauya ta nuna cewa yarjejeniyar ta ambaci tsoka, ba ta ambaci jini ba. Har yau masana suna muhawara kan yadda wasan ya nuna mai ba da rancen, wanda Bayahude ne da aka daɗe ana wulaƙantawa a garin. Amma darasin lamuni, da na sa hannu kan abin da mutum bai auna ba, kowane ɗan kasuwa ya san ɗacinsa.

Wani wasan, Othello, labarin baƙin jarumi ne da ke jagorancin rundunar Benis, wanda wani na ƙasa da shi ya hure ma kunne saboda an hana shi muƙami, har ya kashe matarsa a kan zargin ƙarya. A shekara ta 1600, ƴan shekaru kafin a rubuta wasan, an buga da Ingilishi littafin Hasan al-Wazzan, mutumin Fas da Turawa ke kira Leo na Afirka, inda ya bayyana Agadas, Gobir, Kano, Katsina, Zazzau da Zamfara. Masana da dama suna ganin Shekisfiya ya san littafin. Ke nan sunayen ƙasashen nan suna yawo a Landan tun zamanin da yake riƙe da alƙalami.

Daga hankali zuwa shauƙi

A ƙarni na 17 aka yi John Milton, sakataren harsunan waje na gwamnatin da ta tuɓe sarauta. Ya makance, amma ya riƙa yin shifta ana rubutawa, har doguwar waƙarsa kan fitar Annabi Adamu daga aljanna ta fito a 1667. Ƙarni na 18 kuwa shi ake kira zamanin hankali, lokacin da aka fi girmama hujja, tsari da ba'a mai gyara hali. A nan ƙagaggen labari irin na yau ya tsaya da ƙafarsa. Daniel Defoe, ɗan kasuwa ne da ya taɓa karyewa da bashi mai yawa, shi ya rubuta Robinson Crusoe a 1719: mutum shi kaɗai a tsibiri, yana lissafin kayansa kamar mai rumfa. Ɗalibin Afirka ba zai kasa lura ba cewa jirgin Crusoe ya nutse ne a hanyarsa ta zuwa sayen bayi.

A 1798 abokai biyu, Wordsworth da Coleridge, suka fitar da wani ƙaramin kundin waƙoƙi da ake ɗauka mafarin zamanin shauƙi, wanda ƴan lise suka sani da romantizim. Kada sunan ya ruɗi mai karatu ya ɗauka waƙar soyayya ce kawai. Lokacin nan masana'antu sun fara janye mutanen ƙauye zuwa birane masu hayaƙi, sai mawaƙa suka koma yabon daji, makiyayi, yarinta, da abin da zuciya ke ji, cikin harshen talaka. Ƙasar da samarinta ke barin gona bayan kaka su tafi cin rani ba ta bukatar a yi mata dogon bayanin wannan kewa.

Dickens da ofishin je ka dawo

Zamanin sarauniya Biktoriya, daga 1837 zuwa 1901, shi ne na faɗin gaskiyar zaman jama'a, kuma babu wanda ya kai Charles Dickens a wannan fage. Yana ɗan shekara 12, a 1824, aka kulle mahaifinsa, wanda akawu ne, a gidan kason masu bashi, shi kuma aka sa shi aikin liƙa takarda jikin kwalaben baƙin takalmi. Daga baya ya yi akawun lauya, ya yi ɗan jarida mai ɗauko labarin kotu da na majalisa. Oliver Twist labarin maraya ne da ya faɗa hannun wani mai tara yaran titi yana koya masu yankan aljihu. Cikin Bleak House akwai shari'ar gado da aka yi ta ɗagawa shekara da shekaru, magada suna tsufa suna mutuwa, ranar da aka kawo ƙarshenta sai aka tarar kuɗin shari'a ya cinye gadon ƙaf. Cikin Little Dorrit kuwa ya ƙago wata ma'aikatar gwamnati wadda gwanintarta ita ce sanin yadda za a hana aiki tafiya: wannan tebur ya tura ka wancan, wancan ya ce cika takarda, mai sa hannu kuma ɗan gidan manya ne da ba ya zama. Ma'aikacin da ya karanta wannan zai yi dariya, in ya gama kuma ya yi shiru.

Mata ma sun yi fice. Jane Austen, a 1813, ta rubuta labarin gida mai ƴaƴa mata biyar, wanda doka ta ce in uban ya mutu gidan zai koma hannun wani namiji na dangi, shi ya sa uwar ba ta da zance sai na aurar da su. Charlotte Brontë sai da ta ɓoye sunanta kafin ta fitar da Jane Eyre a 1847, don kada a raina aikin saboda na mace ne.

Bayan yaƙin duniya na farko, wanda ya ci miliyoyin rayuka, marubuta suka daina yarda da tsohon tsari. Wannan shi ne zamanin sabon salo: labari ba ya bin hanya miƙaƙƙiya, sai ya bi tunanin mutum yadda yake tsalle. T. S. Eliot, ma'aikacin banki, da James Joyce sun fitar da manyan ayyukansu a 1922, Virginia Woolf ta biyo a 1925 da labarin yini ɗaya tak cikin rayuwar wata mata. Nan ne ɗalibai suka fi shan wuya.

Shekara ta 1899

Akwai littafi ɗaya da ɗan Nijar ke karantawa da idon da ɗan Landan ba ya da shi. Joseph Conrad mutumin Polan ne, ya iya Faransanci kafin Ingilishi, kamar dai ɗalibin Harobanda, kuma sai da ya girma ya koyi harshen da ya yi suna da shi. A 1890 ya yi aikin jirgin ruwa a kogin Kwango. Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu na 1899 wata mujalla ta buga labarinsa Heart of Darkness, kan wani Bature mai tara hauren giwa, Kurtz, wanda ya tafi da sunan kai wayewa, ya ƙare yana kafa kawunan mutane bisa sanduna kewayen gidansa.

Cikin waɗannan watanni ne rundunar kaftin Voulet da Chanoine ke ratsa ƙasar nan tana ƙone garuruwa. A watan Afrilu suka yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, a watan Mayu suka yi ma Birnin Ƙonni kisan gilla. Ranar 14 ga Yuli Voulet ya sa aka harbe kanal Klobb, wanda Faransa ta aiko ya tsai da shi, a kusa da Ɗankori, kuma cikin ƴan kwanaki sojojinsu suka kashe su su biyun. Kaburburansu suna Maijirgi, yankin Tasawa. Abin da Conrad ya ƙaga a takarda, kakannin ɗaliban nan sun gan shi da ido. Abdullahi Mamani ya ba da nasa ɓangaren cikin littafinsa Sarauniya a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986.

To amma littafin Conrad yana da nasa aibi, kuma wanda ya tona shi mutumin Najeriya ne. Chinua Achebe ya shiga jami'ar Ibadan a 1948, ya bar karatun likita ya koma na adabi. Can ya karanta labarin Mister Johnson, wanda wani tsohon jami'in mulkin mallaka a Arewacin Najeriya ya rubuta, ya ga yadda aka mai da baƙin mutum abin dariya. Ya amsa da Things Fall Apart a 1958. A 1975, cikin wata lacca a Amurka, ya nuna cewa Conrad, duk da sukar mulkin mallaka, ya hana ƴan Afirka baki cikin labarinsa, ya mai da su kamar inuwa bakin kogi. Achebe bai iya wannan raddi ba sai da ya san adabin nasu ciki da waje. Wanda ya tsaya ga Ingilishin gaisuwa da na farashi ba zai gane an zage shi cikin ladabi ba, balle ya rama.

Gadar da Hausa ta riga ta gina

Ɗalibin Nijar ba shi ne na farko da zai bi wannan hanya ba. A ƙetaren iyaka, Ibrahim Yaro Yahaya ya fassara wani wasan Shekisfiya da sunan Daren Sha Biyu a 1971. Ɗahiru Idris ya mai da labarin attajirin Benis ya zama Matsolon Attajiri. Bala Abdullahi Funtuwa kuma ya fitar da Gandun Dabbobi a 1975, daga littafin George Orwell na 1945, inda dabbobi suka kori mai gona da sunan ƴanci da daidaito, daga baya shugabanninsu suka koma cin abin da suka hana saura. Shi ma Orwell tsohon ɗan sandan mulkin mallaka ne a ƙasar Bama. A gabashin Afirka, shugaba Julius Nyerere da kansa, duk da nauyin mulkin Tanzaniya, ya fassara wasanni biyu na Shekisfiya zuwa Suwahili, domin ya nuna harshen ƙasarsa yana iya ɗaukar kowane irin kaya.

Yanzu da Hausa ta zama harshen ƙasa, Ingilishi kuma harshen aiki, wannan gada ta fi kowane lokaci amfani. Ba dole ne ɗan Nijar ya bi ta Faransanci ba kafin ya kai ga Ingilishi. Yana iya aza Matsolon Attajiri gefen asalinsa, ya ga inda mai fassara ya ci nasara da inda ya kasa, ya ƙaru cikin harsunan biyu gaba ɗaya. Wahalar littafi ma ta ragu, domin ayyukan Shekisfiya, Austen da Dickens sun daɗe da fita daga haƙƙin mallaka, ana samun su kyauta ta intanet, a karanta cikin salula.

Amsar tambayar Alhaji

Gaskiya ne, Shekisfiya ba zai koya ma kowa cika takardar duwan ba, kuma Ingilishinsa ya tsufa har ƴan Ingila kansu sai da sharhi suke gane wasu wurare. Wanda ke son harshen ciniki cikin wata shida, makarantun koyon harshe suna nan cikin gari, kuma ba laifi ba ne. Jami'a ma ya kamata ta ba Ingilishin kasuwanci, na shari'a da na fassara haƙƙinsu. Amma wanda zai rubuta yarjejeniya da sunan ƙasa, wanda zai fassara jawabin minista, wanda zai tsaya gaban yara sittin a kwalejin Tawa ko ta Damagaram, yana bukatar ya san inda kalma ke da fuska biyu, inda ake yabo da nufin zambo, inda aka rubuta tsoka aka bar jini. Wannan sani daga yawan karatun manyan marubuta yake fitowa, kamar yadda ba a kiran mutum masanin Larabci don ya iya ciniki a kasuwar Makka, sai ya ratsa littattafan lugga da waƙoƙin magabata.

Saura ga hukuma ta tanadi malamai da ɗakunan karatu, ta kuma ƙarfafa masu fassara zuwa Hausa da sauran harsunan ƙasa, domin doka kaɗai ba ta sa harshe a bakin mutum. Saura ga ɗalibai su karanta littafin kansa, su bar dogara ga taƙaitawar da ake haddacewa daren jarrabawa. Shi kuma Alhaji, in yaron ya dawo da maraice, ya sa shi ya ba shi labarin attajirin Benis daga farko har ƙarshe, sannan ya miƙa mashi takardar kayan da ta zo daga Dubai, ya ga irin karatun da zai yi mata.

Allah ya ba ɗalibai basira, ya ba iyaye haƙuri.